Ƙayoyin Jikin Jirgi: Tarihin Eriya a Sararin Zazzau

Duk wanda ya zauna a Birnin Zazzau ya san ƙarar ƙananan jiragen nan masu farfela da ke shawagi da hantsi. Daga filin kwalejin horar da matuƙa jiragen sama da ke Palladan suke tashi, wadda mutanen gari ke kira Abiyeshan. Mai kallo daga Ƙofar Doka ko Ƙofar Kuyambana fukafukai da wutsiya kawai yake gani. Wanda ya matsa kusa da jirgin a ƙasa kuwa zai tarar jikinsa cike da ƙayoyi: tsinke a gadon baya, wani lanƙwasasshe a ƙarƙashin ciki, siraran sanduna biyu a wutsiya kamar gashin bakin kyanwa, ɗan farin faifai a saman ɗakin matuƙi, da wani guntun ƙarfe da bai fi ɗan yatsa ba. Duk eriyoyi ne, kuma jirgi mai kujeru huɗu yakan ɗauki takwas ko fiye.

Babu ɗaya daga cikinsu da aka dasa a inda take don ado ko don sauƙin aiki. Wurin kowace eriya amsa ce ga tambayoyi biyu: daga ina saƙon yake fitowa, kuma me zai iya tare shi a hanya? Cikin shekaru ɗari da suka wuce amsar ta sauya fiye da sau ɗaya, kuma kowane sauyi ya bar tabonsa a jikin jirgi. Wanda ya iya karanta ƙayoyin nan, ya karanta tarihin yadda matuƙi ya koyi gane hanya a lokacin da idonsa ya gaza.

Zamanin ido da layin dogo

Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, suka sauka a Kano bayan sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Matuƙan wancan zamani da abu uku suke gane hanya: taswira, kamfas da agogo. Sauran aikin na ido ne. A ƙasar Hausa ido ya sami abin bi. Layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, daga baya wani reshe ya miƙa zuwa Jos, wani kuma ya bi ta Gusau har Ƙaura Namoda. Ga duwatsun da suka tsaya su kaɗai a fili kamar Kufena, ga ganuwar birane da ke zana da'ira a ƙasa. Matuƙin da ya ga layukan dogo sun haɗu kusa da birni mai ganuwa, da dutse a yammacinsa, ya san a kan Zariya yake.

Wannan hanya tana da maƙiyi ɗaya, wato hazo. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga hamada, wani lokaci ta rufe sama har mutum ya kasa ganin abin da ke kilomita ɗaya gabansa. Daga sama, ƙasa da sararin samaniya sukan zama launi ɗaya. Da kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu daga Khartum zuwa Kano a 1936, sannan yaƙin duniya na biyu ya sa dubban jiragen yaƙi suka riƙa bi daga Takoradi ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Masar, sai ya zama dole a sami jagoran da ƙura ba ta makantar da shi. Rediyo ne wannan jagora, eriya kuma ita ce kunnensa.

Me ya sa tsawo yake da muhimmanci

Tsofaffin masu sauraron Rediyon Kaduna sun saba jin mai gabatarwa yana cewa ana kama tashar a kan mita 49, gajeren zango. Wannan lamba tsawon igiyar rediyo ɗaya ce, daga wannan tudu zuwa na gaba. Ƙa'idar da ke mulkin dukan abin da za mu tattauna ita ce: eriya ta fi ji da kyau idan tsawonta ya kai kusan rubu'in zangon da take saurare. Mita 49 na buƙatar waya mai kimanin mita 12. Tashoshin farko na jiragen sama da na ruwa kuwa da zango mai ɗaruruwan mita suke aiki, alhali ƙaramin jirgi gaba ɗayansa kimanin mita 8 ne.

Maganin da aka samo tun yaƙin duniya na ɗaya shi ne waya mai ja. A naɗe take a jikin faifai cikin jirgi, da dalma a ƙarshenta. In an tashi sai a warware ta ta riƙa bin jirgi a baya, kafin sauka kuma a naɗe. Matuƙin da ya manta, bishiya ko shinge ya raba shi da ita.

Labarin Amelia Earhart ya nuna abin da ke rataye a kan wannan waya. A watan Yuni 1937, cikin yunƙurinta na zagaya duniya, ta ratsa yankinmu daga Dakar zuwa Gao, daga nan zuwa Fort-Lamy, wato Njamena ta yau; miƙaƙƙen layi tsakanin garuruwan biyu ta kan Damagaram ya bi. Kafin tafiyar an cire wa jirginta wayar ja mai ƙafa 250, wadda ita ce ta dace da zangon da jiragen ruwa ke amfani da shi wajen gano inda mai kira yake. Ranar 2 ga Yuli, tana neman ɗan tsibirin Howland a tsakiyar tekun Fasifik, ma'aikatan jirgin ruwan Itasca suna jin muryarta rangaɗaɗau, amma ita sau ɗaya tak ta nuna ta ji saƙonsu, su kuma ba su iya gano ɓangaren da take ba. Masu bincike sun yi saɓani a kan ko eriyar da ke ƙarƙashin jirgin ta tsinke ne lokacin tashi daga Lae. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne jirgin yana da baki a ranar, kunne ne ya gaza. Ba a sake ganinta ba, ita da mai duba mata hanya, Fred Noonan.

Zobe da igiya

Eriya ta farko da ta zama jagora ta gaske zobe ce. Idan aka naɗe waya kamar awarwaro, tana jin tasha da ƙarfi in gefenta na fuskantar tashar, ta yi shiru in fuskarta ce ke kallonta. Duk wanda ya taɓa juya ƙaramin rediyo a hannu don ya kama tashar matsakaicin zango ya yi wannan aiki da kansa. Sai dai zobe yana da aibi: yana nuna layin da tashar take, amma bai san gaba da baya ba. Aka haɗa shi da eriya ta biyu, doguwar waya da ake ɗaurawa daga saman ɗakin matuƙi zuwa ƙolin wutsiya, wadda ke raba gardamar. Su biyun suka haifi allurar da ke nuna tasha da kanta, mai aiki tsakanin kilohaz 190 zuwa 1750.

Wannan kewayo ya haɗa da tashoshin rediyo na matsakaicin zango, saboda haka matuƙi na iya murɗa na'urar zuwa gidan rediyo, yana jin shiri a kunne, allura na nuna masa inda turken tashar yake. Amma allurar tana da halinta. Da damina, in hadari ya taso, takan bar tashar ta koma nuna walƙiya, wato ta nuna wa matuƙi ainihin wurin da ya kamata ya guje wa. Da almuru kuma igiyoyin da suka daki rufin sama suka dawo sukan sa ta rawa. An sami jagora, amma jagora mai ruɗewa a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

Zariya ta shigo a kan gaɓa

A watan Disamba 1944 aka sa hannu a yarjejeniyar Chicago, wadda ta haifi hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO. Cikin 'yan shekaru hukumar ta tsayar da zango mai gajarta ƙwarai a matsayin ma'auni: megahaz 108 zuwa 118 don tashoshin nuna hanya da ake kira VOR, daga 118 zuwa sama, inda a yau ya tsaya a 137, don magana tsakanin matuƙi da hasumiya. Walƙiya ba ta cika damun wannan zango ba, kuma tsawonsa kimanin mita biyu da rabi ne. Rubu'insa kimanin santimita 60 ne. Ga asalin tsinken nan na gadon baya.

Cikin wannan zamani aka kafa makarantar Zariya. Dokar 1964 ce ta samar da ita, da haɗin gwiwar gwamnatin tarayya da Majalisar Ɗinkin Duniya da ICAO, don horar da 'yan Najeriya da na sauran ƙasashen Afirka. Jama'a sun fi saninta da koyar da tuƙi, amma tana da sashen gyaran jirage, da na kula da zirga-zirgar sama, da na injiniyoyin sadarwa masu kula da tashoshin ƙasa. Hikimar haɗa su a harabar ɗaya a fili take: saƙon rediyo sarƙa ce da ta taso daga turken tasha ta ƙare a kunnen matuƙi, kuma kowane zobe na sarƙar a hannun wani ma'aikaci yake.

Gajeren zango ya zo da sharaɗinsa: ba ya lanƙwasa, sai inda ido zai iya kaiwa. Jirgin da ke ƙafa 1,000 sama da ƙasa yana jin tasha har kimanin kilomita 70, kwatankwacin nisan Zariya da Kaduna a miƙe. In ya hau ƙafa 5,000 kunnensa ya kai kimanin kilomita 160, ya wuce Kano. Kuma tunda saƙon a miƙe yake tafiya, jikin jirgin kansa yana iya yi masa inuwa. Fiffike, ƙafar sauka, ko injin, kowanne na iya shiga tsakani. Daga nan zaɓen wuri ya zama ilmi mai zaman kansa.

Eriyar magana a tsaye take domin turken hasumiya a tsaye yake aiko da igiyarsa. Tsinken da ake gani rabin eriya ne kawai. Ɗaya rabin fatar alminiyon ɗin jirgi ce, wadda ke yi masa aikin madubi. Shi ya sa yake son faffaɗan ƙarfe a kewayensa, da haɗuwa mai tsabta tsakanin gindinsa da jikin jirgi. Jirgi mai rediyo biyu akan sa eriya ɗaya a baya, ɗaya a ciki, don gangar jirgin ta raba su. In dole ne su zauna gefe ɗaya, a bar aƙalla kusan mita guda tsakaninsu, in ba haka ba ɗaya na magana ɗaya na kurumcewa. Tashar VOR kuwa a kwance take aiko da tata igiyar, don haka eriyarta a kwance take, can a ƙolin wutsiya, nesa da hayaniyar injin, inda take ganin kowace kusurwa. Ga bayanin gashin bakin kyanwa.

Abin da ke ƙarƙashin ciki

Abin da ke magana da ƙasa kai tsaye, ciki ake kai shi. Mafi muhimmanci a nan ita ce na'urar amsa kira. Na'urar hangen jirage ta ƙasa tana aiko da tambaya a kan megahaz 1030, jirgi ya amsa a kan 1090 da lambarsa da tsayin da yake. Zangon bai kai santimita 28 ba, eriyar kuwa kimanin santimita 7. Wannan guntun ƙarfe shi ke sa ɗan ƙaramin jirgin koyo ya bayyana a allon mai kula da zirga-zirga, kuma shi ke sa na'urar kauce wa karo ta babban jirgin fasinja ta san da shi. Tsarin hangen jirage na ƙasa baki ɗaya da aka ƙaddamar a 2010 yana da tashoshi a Kano, Abuja, Legas da Fatakwal, da wasu irin na Talata Mafara da Maiduguri waɗanda da amsar jirgi kaɗai suke gani. Ga irin waɗannan, jirgin da bai amsa ba kamar babu shi ne.

Ciki kuwa wuri ne mai datti. Man injin da hayaƙin salansa can suke gangarawa, ƙura ta manne musu, ta yi ɓawo a kan eriya har ƙarfin amsar ya ragu. Tsumma da hannun mai lura su ne maganin. Na'urar auna nisa daga tasha ita ma a makwabcin zango take aiki, don haka dole a nisanta eriyarta da ta amsa kira, tunda wannan takan fitar da bugu mai ƙarfin wat ɗari da ɗoriya.

Akwai kuma eriyar da ake fatan kada ranar aikinta ta zo: ta na'urar neman ɗauki, wadda ke kunna kanta in jirgi ya faɗi. A baya can kusa da wutsiya ake girka ta, domin nan ne ya fi tsira a hatsari, eriyarta kuma a sama. Tun 1 ga Fabrairu 2009 taurarin ɗan'adam na ceto suka daina sauraron tsohon zangon 121.5, suka koma 406 kaɗai. Jirgin da ya faɗi a daji da tsohuwar na'ura, ko da wayar da ta tsinke tsakanin na'ura da eriya, taurarin ceto ba za su ji kururuwarsa ba.

Da murya ta koma sama

A 1995 Amurka ta sanar da cewa tsarin GPS ya kammala, a watan Mayu 2000 kuma ta daina rage masa daidaito da gangan. Karon farko jagora ya bar ƙasa ya koma sama, kimanin kilomita 20,200 daga doron duniya. Saƙon da ke isowa daga can ya fi hayaniyar da ke cikin iska rauni. Sai da dabarar lissafi na'ura ke tsamo shi. Saboda haka ɗan faifan nan ya karɓe wuri mafi daraja a jirgi: ƙololuwar gadon baya, inda babu abin da ke tsakaninsa da sama ko da jirgi ya karkata.

Sai baƙo ya tarar da masu gida. Kowace na'urar aika saƙo tana fitar da 'yan ƙananan amo a kan ninkin zangonta. GPS a kan megahaz 1575.42 yake. Ninka 131.285 sau 12, ko 121.185 sau 13, za ka faɗa kusan daidai kansa. Ma'ana, matuƙin da ya danna maɓallin magana a kusa da waɗannan lambobi yana iya kurumtar da GPS ɗinsa da kansa, in eriyoyin biyu sun yi kusa ko tacewa ta yi rauni. Shi ya sa bayan an girka sabuwar na'ura ake gwada magana a kan waɗannan lambobi ana kallon ko taurari za su ɓace daga allo.

Jikin jirgin ma ya sauya. Shekaru da yawa ɗaliban Zariya sun koyi tuƙi a jiragen ƙarfe: Tampico da Trinidad na kamfanin Socata na Faransa, da Baron 58 mai injin biyu. A shekarun baya-bayan nan kwalejin ta karɓi jiragen Diamond DA40 da DA42 na ƙasar Ostiriya, masu amfani da man jirgi irin na manyan jirage maimakon fetur na musamman mai tsada. Gangarsu ta zaren gilashi ce da zaren gawayi da aka daskarar da danƙo. Zaren gilashi rediyo na ratsa shi, har akan ɓoye wasu eriyoyi a cikin wutsiya. Zaren gawayi kuwa yana tarewa. Madubin ƙarfen da tsohon jirgi ke bayarwa kyauta, a nan sai an shimfiɗa shi da gangan, da fallen ƙarfe ko ragar tagulla. Makanikin da ya ƙware a kan Tampico, in ya zo kan Diamond da tsohon sani kawai, zai huda inda bai kamata ba.

Hazo bai tafi ba

Kowa ya san tartsatsin da ke cizon yatsa in an taɓa ƙofar mota da hunturu. Jirgin da ke keta busasshiyar ƙura yana tara irin wannan caji ninkin-ba-ninkin, kuma caji ta wuri mai tsini yake son fita. In bai sami wata ƙofa ba sai ya bi ta eriya, rediyo ya cika da shuuu, tsohuwar allura ta rikice. 'Yan tsinkayen da ke bayan fukafukai da wutsiya don haka aka sa su: su zubar da cajin nesa da kunnuwan jirgi. Damina kuma tana da nata sharrin, domin ruwan da ya shiga ƙarƙashin gindin eriya yana haifar da tsatsa, tsatsa ta raba tsinke da madubinsa, zangon ji ya ragu kaɗan-kaɗan ba tare da wata fitila ta yi gargaɗi ba.

Maginan Zazzau sun san wannan darasi tun kafin jirgi. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na birni a zamanin Sarki Abdulkarimu, da magadansa a sana'ar, ba su sa indararo inda ya fi kyan gani ba. Inda ruwa zai bi suke sa shi, domin indararon da ya kauce taki ɗaya, sannu a hankali zai cinye bango. Huda fatar jirgi ma haka ne: sai an bi takardar maƙera, an ƙara fallen ƙarfafawa daga ciki, an toshe kafar ruwa, injiniya mai lasisi ya gwada ya sa hannu.

A yau ƙasashe da yawa suna rufe tsofaffin tashoshin ƙasa saboda tsadar kula da su, kuma mai ƙaramin jirgi yana iya ganin gashin bakin kyanwa a matsayin kayan tarihi. Muna da dalilin yin hattara. Najeriya tana kan yankin da layin tsakiyar maganaɗisun duniya ya ratsa, inda rufin sama mai ɗauke da caji yakan yamutse bayan faɗuwar rana har saƙon taurari ya riƙa yankewa. Ga kuma masu toshe GPS da gangan, abin da ya zama ruwan dare a sararin Gabas ta Tsakiya da gabashin Turai. Saƙon da ya fi hayaniyar iska rauni ba ya buƙatar babban maƙiyi. Matuƙin da GPS ya ɓace masa cikin hazo tsakanin Zariya da Kano, abin da zai kai shi gida shi ne tashar ƙasa da wani ya kula da ita, da eriyar wutsiya da wani ya duba gindinta.

Idan ana maganar bunƙasa sufurin sama a ƙasar nan, sabbin jirage da dogayen titunan sauka ake ƙirgawa, su ne ake yanke wa kirtani. Kasafin horar da mai gyaran na'urori, da sayen kayan gwaji, da man janaretan tashar da ke bayan gari, shi ake fara zaftarewa in kuɗi sun yi ƙaranci. Tarihin ƙayoyin nan ya nuna akasin haka ya kamata: tun daga wayar ja zuwa faifan GPS, na'ura mai tsada ba ta taɓa jin fiye da abin da eriyarta ta miƙo mata ba, eriya kuma ba ta wuce ƙwarewar hannun da ya dasa ta.